Girki a ɗakin otal da butar lantarki kawai

Malam, ka ce za ka yi mako guda a otal a Samaru, ba ka da komai sai butar lantarki. Ta isa.

Kuskus ya fi sauƙi: kofi 1, tafasasshen ruwa kofi 1, gishiri, mai cokali 1, ka rufe minti 5, sannan ka juye sardin da albasa. In ruwa ya yi yawa, caɓewa zai yi.

Ƙwai kuwa, in butar ta kashe kanta, bar shi ciki minti 12. Kada dai ka dafa Indomie a cikinta, maiƙo zai kama, shayinka ya riƙa ƙarni. Jiƙa ta a kwano mai murfi.

Ranar da babu wuta, sai kwaɗon gari da ƙuli-ƙuli.