Tambayi Likita: Ciwon daji da yadda kemo ke aiki

Tambaya: Likita, an gano ƙari a nonon yayata, aka yanki ɗan kaɗan aka kai gwaji, sai aka ce ciwon daji ne. Ba ta shan taba, ba ta shan komai. Ta ina ya shiga jikinta?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, 'yar'uwa. Daga cikin jikin ya taso. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka gina jikin mutum, kimanin tiriliyan 30. Kullum wasu na mutuwa, wasu na rabuwa biyu suna maye gurbinsu. Kowace ƙwaya na ɗauke da rubutaccen umarni, wato DNA, mai gaya mata lokacin rabuwa da lokacin tsayawa. Duk sanda za ta rabu sai an kwafi umarnin, wajen kwafin kuma akan samu kuskure. Yawanci jiki na gyarawa, ko ƙwayar ta mutu. Amma idan kurakurai suka taru shekara da shekaru a wurin da ke riƙe da linzaminta, sai ta daina jin magana, ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari. Na daji shi ne mai kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini ko hanyoyin kaluluwa ya je ya yada zango a huhu, hanta ko ƙashi. Taba da giya na ƙara haɗarin, gado kuma shi ne sanadin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ciwon daji. Sau da yawa babu laifin kowa, ki gaya mata haka.

Tambaya: Tun da aka fara yi wa mahaifinmu kemo sumarsa ta zube, ga amai, ga gyambon baki. Dangi na cewa maganin ne zai kashe shi, a daina. Ina mafita?

Amsa: Malam, na san ganin mahaifi a wannan hali ba ƙaramin abu ba ne, amma ina roƙonku kada ku daina ba da sanin likitansa ba. Kemo magani ne mai farautar ƙwayoyin da ke saurin rabuwa. Wani nau'in yana lalata DNA ɗinsu, wani kuma, irin su vincristine, yana tsinka zaruruwan da ke jan ƙwayar ta rabu biyu. Matsalar ita ce bai san gida ba bai san daji ba. Saiwar suma, fatar cikin baki da hanji, da ɓargo mai ƙera jini, duk masu saurin rabuwa ne, shi ya sa abin ke shafar su. Sai dai lafiyayyun ƙwayoyi sun fi na daji iya farfaɗowa. Don haka ake ba da maganin zagaye-zagaye, sau da yawa duk kwana 21: jiki ya murmure, a sake kai wa ciwon hari kafin ya tashi tsaye. Wanda ya tsaya a rabi ya sha wahalar, ya kuma bar ƙwayoyin da suka fi taurin kai su ci karensu babu babbaka. Suma na dawowa 'yan watanni bayan an gama, amai kuma yana da magunguna masu ƙarfi, ku nema masa. Abin da na fi jin tsoro shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai. Ku ajiye ma'aunin zafi kusa da gadonsa. In ya nuna digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko da tsakar dare ne, sai asibiti.

Tambaya: Ana ɗaukar ciwon daji wajen jinya?

Amsa: A'a, Hajiya. Ki zauna kusa da majinyacinki, ki riƙe hannunsa. Shi ya fi buƙatar kariya daga gare ku: a riƙa wanke hannu, mai mura kuma ya dakata da zuwa dubiya sai ya warke.