Sabon aiki da sabon gida a wata ɗaya: daga ina zan fara?

Wani ɗan'uwa da ke Landan da bizar ƙwararrun ma'aikata ya rubuto cewa ya samu aiki a Manchesta, ana so ya fara nan da mako shida. Bai samu gida ba tukuna, mahaifiyarsa na so ya leƙo gida kafin ya kama aikin, ƙannensa kuma suna jiran kuɗin makaranta.

Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Na ga hankalinka ya fi karkata ga neman gida, amma ni takardarka ce ta fi damuna. Bizarka a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinka. Sauya kamfani na nufin sabon ya ba ka takardar shaidar ɗaukar nauyi, kai kuma ka sake nema a ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya. Amsa kan ɗauki har mako takwas, kai kuwa shida aka ba ka. Kana iya ci gaba da tsohon aikinka kana jira, amma kada ka kama sabon sai amsa ta fito, ko da manaja ya ce ba komai. Ka kira sabon kamfanin yau ka roƙi a ɗaga ranar. Kamfanin da ya saba ɗaukar baƙi ya san wannan dokar.

Zancen zuwa gida kuma, ka yi haƙuri. Idan ka fita daga ƙasar alhali ana duba takardarka, za a ɗauka ka janye neman. Na san nauyin kiran mahaifiya, amma taura biyu ba ta taunuwa.

Kada ka sa hannu a hayar dogon lokaci kafin biza ta fito. Ka kama ɗaki na wata ɗaya ko biyu, ka san unguwanni, ka hau motar da za ta riƙa kai ka aiki da ƙarfe bakwai na safe ka ga gaskiyar nisan. Mai gida zai nemi shaidar izinin zama, kamar yadda kamfani zai nemi ta izinin aiki. Kowace da lambarta daban da ake cirowa a shafin gwamnati, tana aiki na kwana 90. Tun 2019 doka a Ingila ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya sa su a asusun kariya cikin kwana 30. Ranar da aka miƙa maka makulli, kafin ka shigar da ko akwati ɗaya, ka zagaya da wayarka: hoton mitar wuta da ta gas, tabon da ke kan kafet, baƙin danshin da ke bayan labule. Hotunan nan su za su dawo maka da kuɗinka ranar tashi.

Sannan ka sanar da sabon adireshinka a asusunka na shige da fice, da banki, da hukumar haraji ta HMRC. Ka yi rajista da likitan unguwa, ka kuma gaya wa ƙaramar hukuma idan kai kaɗai kake zaune, domin ana rage kashi 25 cikin ɗari na harajin gida. Kada ka bar tsohon wurin aiki ba tare da ka nemi takardar P45 mai nuna albashi da harajin da ka biya a shekarar ba, in ba haka ba za a iya yankar maka haraji fiye da kima a albashin farko.

Albashin farkon nan shi ne inda mutanenmu suka fi jin jiki. Sai ƙarshen wata zai shigo, wani lokaci ma ba cikakke ba, alhali kuɗin ajiya da hayar farko da na ɗaukar kaya duk sun riga sun fita. A gida kuwa an ji "sabon aiki", kowa ya ɗauka kuɗi sun ƙaru. Kada kunya ta sa ka ci bashi mai ruwa don ka tura. Ka kira Hajiya da bakinka, ba saƙon WhatsApp ba, ka gaya mata wata biyu za ka yi a takure, ka faɗi watan da kuɗin makaranta za su iso da lokacin da kake sa ran zuwa. Ka roƙe ta ta yi wa ƙannenka bayani da kanta, ta kuma sa ka a addu'a.