Tambayoyi Da Amsoshin Lafiya: 'Ya'yanmu Masu Wasan Tsere

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 12 ya zo na ɗaya a tseren mita 800 na makarantarsu, kuma malaminsa ya ce idan ya dage zai kai ga gasar makarantu a filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi. Saboda murna nake tada shi kullum bayan sallar asuba ya yi gudu, amma yanzu yana kukan ciwo a ƙasan gwiwarsa, har wurin ya ɗan tasa. (Wani uba daga Asawase)

Amsa: Malam, Allah ya raya shi, ya kuma saka maka da alheri a kan wannan kulawa. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon da likitoci suke kira Osgood-Schlatter, wanda ya fi kama yara masu wasanni tsakanin shekara 10 da 15. Jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana manne ne a saman ƙashin ƙauri, a daidai wurin da ƙashin bai gama ƙwari ba, don haka idan yaro yana gudu ba hutu sai ta riƙa fizgar wurin har ya kumbura. Yawanci yana wucewa da kansa idan ƙashin ya gama girma.

A rage masa gudun har ciwon ya lafa, a riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 bayan motsa jiki, sannan a ba shi hutun kwana 2 a kowane mako. Filin ciyawa ko na ƙasa ya fi masa kwalta. Kada a yi masa tsaga, kada kuma a kai shi wurin mai ɗori, domin ba karaya ba ce. Idan yana ɗingishi, ko ciwon yana tada shi cikin dare, ko akwai zazzaɓi, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma ƙwallo da tafiya makaranta duk suna cikin lissafin. Yaro kamar naka yana bukatar barcin awa 9 ko fiye, saboda haka mai tashi da asuba dole ya kwanta da wuri. Ina kuma roƙonka ka nuna masa fara'a ranar da ya zo na biyar kamar yadda ka nuna ranar da ya ci, domin yaron da yake tsoron ɓata wa mahaifinsa rai yakan ɓoye ciwo.

Tambaya: 'Yata mai shekara 14 ita ce gwanar gudu a ajinsu, amma kwanan nan tana saurin gajiya da haki. Kakarta ta ce gudu yana lalata mahaifa. (Wata uwa daga Aboabo)

Amsa: Hajiya, a kwantar wa kaka da hankali cikin ladabi, gudu ba ya taɓa mahaifa kuma ba ya hana haihuwa. Abin da na fi zargi shi ne ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga 'yan mata da suka fara al'ada, kuma zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna ƙara shi. A yi mata gwajin jini kafin a sayi kowane maganin ƙarin jini. A yawaita mata hanta, kifi, wake, zogale da miyar kontomire (ganyen gwaza), a haɗa da lemu, a kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci saboda yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ake bukata wajen yin jini. Idan al'adarta ta ɗauke har wata 3, mai yiwuwa abincinta bai kai yawan wahalar da take sha ba, kuma wannan ya wajabta ganin likita.

Tambaya: Gwajin sikila ya nuna ɗana AS ne. In hana shi tsere? (Wani uba daga Sabon Zango)

Amsa: Alhaji, kada ka hana shi. Mai AS ba shi da cutar sikila, ƙwayar gadonta ɗaya kawai yake ɗauke da ita, kuma da yawa irinsa sun yi fice a wasanni. Sai dai a sanar da mai horar da shi, a riƙa ƙara masa nauyin horo sannu a hankali, ya sha ruwa sosai, ya guji gudu cikin tsakar rana ko yana zazzaɓi. Idan ƙafafunsa suka saki, ko ƙirjinsa ya yi ciwo, ko fitsarinsa ya yi ja ko baƙi, ya tsaya nan take a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi.