Matambayi Ba Ya Ɓata: Kukun da Amurka ta raɗa wa jirgin yaƙi sunansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kuku ne, shekarata 22 ina girki a wani otal da ke Sabon Gari. Rannan babban ɗana ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa, wai akwai wani baƙar fata a Amurka, kuku kamata, da ya ɗauki bindiga ya kakkaɓo jiragen Japan har shida, daga baya aka sa wa wani jirgin ruwan yaƙi sunansa. Wai kuma sunan mata gare shi. Na ce masa ƙaryar 'yan intanet ce, ya ce to in tambaye ka. Malam, da gaske ne? In kuwa da gaske ne, ina jirgin yake yanzu? A sakaya sunana.
Daga mai karatu a Kurna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Kuku. Tunda ka ce a sakaya, da sunan sana'arka zan kira ka. Ka yi haƙuri, yaro ya kayar da kai a wannan gardama. Sai dai bai cinye duka ba. Riƙe mini maganar jirage shidan nan, za mu dawo kanta.

Sunan mutumin Doris Miller, kuma tabbas a wurin Turawa Doris sunan mata ne. Abin da ake bayarwa shi ne ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta riga ta sakankance mace za a haifa, ta zaɓi sunan, da aka ga namiji ne kuma ba a sauya ba. An haife shi ranar 12 ga Oktoba 1919 a garin Waco na jihar Texas, shi ne na uku cikin maza huɗu. Iyayensa manoma ne talakawa. Yaro ya tashi ƙato, ya yi ƙwallo a makaranta, karatu bai yi nisa ba. A watan Satumba na 1939, yana gab da cika shekara 20, ya shiga sojan ruwa.

A nan ne nake so ka natsu, don in ba ka san wannan ba labarin ba zai yi maka ma'ana ba. A wancan lokaci rundunar sojan ruwan Amurka ba ta ɗaukar baƙar fata sai a ɓangare guda tak, wato hidimar hafsoshi. Ya kai musu abinci, ya kwashe kwanuka, ya gyara gado, ya goge takalmi, ya tara kayan wanki. Abin da iyayenmu ke kira boyi a gidajen Turawa na Nasarawa. Ba a cika koya musu harbi ba, kuma komai daɗewar mutum ba zai taɓa zama hafsa ba. Kai ma kukuntaka ɗin sai daga baya Miller ya kai gare ta. An tura shi wani jibgegen jirgi mai manyan igwa da ake kira West Virginia, inda ya zama zakaran damben boksin na masu nauyi a jirgin.

Ranar Lahadi 7 ga Disamba 1941, jirgin yana ɗaure a sansanin Pearl Harbor da ke tsibirin Hawai. Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba tukuna, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila. Miller ya gama raba karin kumallo, yana bi ɗaki-ɗaki yana tara kayan wanki, saura 'yan mintoci ƙarfe takwas ta buga, sai jiragen saman Japan suka rufto. Jirage 353 suka zo a rukuni biyu. Aka yi ta narka wa West Virginia tofido, wato bam ɗin nan da ke ninƙaya a cikin ruwa ya fasa cikin jirgi. Ya ruga wurin da aka ware masa in an shiga yaƙi, wani ma'ajin harsasai, ya tarar an riga an ragargaza shi. Saboda ƙarfinsa sai aka sa shi ɗaukar waɗanda suka ji rauni, sannan aka kira shi sama inda kyaftin ɗin jirgin, Mervyn Bennion, yake kwance ɓaraguzan bam sun farke masa ciki. Suka janye shi zuwa inda wuta ba ta kai ba. Kyaftin ya ƙi yarda a sauke shi daga jirginsa, a nan ya cika.

A gefen wurin akwai bindigogin kakkaɓo jiragen sama guda biyu babu kowa a kansu. Wani hafsa ya kira Miller ya taimaka wajen ɗura harsashi. Kafin a ankara mutumin ya kama ɗaya ya buɗe wuta, bindigar da ba a taɓa koya masa ba. Ya yi ta harbi har harsashi ya ƙare. Daga nan ya koma jan mutane daga cikin hayaƙi da man da ke ci da wuta, har aka ba da umarnin kowa ya bar jirgin. West Virginia ya zauna a ƙasan ruwa da mutum 106 da suka mutu. Gaba ɗaya Amurkawa 2,403 aka kashe a safiyar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

To, jirage shida. Ka gaya wa ɗanka wannan gishiri ne masu bidiyo suka ƙara. Duk jiragen da Japan ta rasa a ranar 29 ne, kuma bindigogi ta ko'ina ake harbawa, ba mai iya rantsuwa harsashin wane ya sami wane. Takardar yabon da aka ba shi ba ta ambaci adadi ba. Shi kansa da aka tambaye shi cewa ya yi abin bai yi masa wuya ba, don ya sha kallon yadda wasu ke sarrafa bindigar, ya yi harbi kamar na minti 15, kuma yana jin ya sami guda ɗaya. Ni wannan magana tasa ta fi burge ni a kan jirage shidan, don mai ƙarya ba ya cewa "ina jin".

Abin da ya biyo baya shi ne wanda bidiyo ba ya tsayawa a kai. Da rundunar ta fitar da jerin waɗanda suka yi bajinta a farkon 1942, ba ta ma rubuta sunansa ba, cewa kawai aka yi wani baƙar fata. Jaridar baƙaƙen fata mai suna Pittsburgh Courier ce ta bi diddigi har ta tono sunan a watan Maris, ita da ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe suka yi ta matsa lamba. Sai da Shugaba Roosevelt ya sa baki kafin a amince a ba shi lambar Navy Cross. Ranar 27 ga Mayu 1942 Admiral Chester Nimitz, babban kwamandan sojan ruwan Amurka a Tekun Pasifik, ya maƙala masa ita a ƙirji a kan jirgin Enterprise, ya zama baƙar fata na farko da ya same ta. Lambar da ta fi kowace girma a ƙasar, Medal of Honor, an ba kyaftin ɗin da ya ɗauka, shi ba a ba shi ba har yau. Babu ma baƙar fata ko ɗaya da ya same ta a kan wannan yaƙi sai a 1997, lokacin da Shugaba Clinton ya ba sojojin ƙasa bakwai, shida daga cikinsu sun riga sun mutu.

An zagaya da shi garuruwa yana yi wa jama'a jawabi, an buga hotonsa a fasta ana kiran matasa su shiga soja. Da aka gama sai aka mayar da shi madafa. A 1943 aka ɗaga shi zuwa kuku mai daraja ta uku, aka tura shi wani ƙaramin jirgi mai dakon jiragen sama, Liscome Bay. Da asubahin 24 ga Nuwamba 1943, kusa da tsibirin Makin a Tekun Pasifik, wani jirgin Japan mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbo musu tofido ɗaya. Ya sami daidai inda aka jibge bama-bamai. Cikin minti 23 jirgin ya nutse da mutum 644, Miller na cikinsu, yana da shekara 24. Ba a ga gawarsa ba. Iyayensa sun sami saƙon ɓacewarsa ranar 7 ga Disamba, shekara biyu cif da ranar da ya kama bindigar.

Yanzu jirgin da ka tambaya. Sai da aka yi kusan shekara 30 da mutuwarsa. An ƙera shi a ma'aikatar Avondale da ke jihar Louisiana, aka saka shi a ruwa a watan Yuni na 1972, mahaifiyarsa Henrietta ce uwar bikin, tana raye ta gani da idonta. Ya fara aiki ranar 30 ga Yuni 1973 da suna USS Miller, lambarsa 1091. Daga 1975 aka sa shi a rukunin da ake kira firiget: jirgin yaƙi matsakaici, aikinsa rakiyar manyan jirage da na 'yan kasuwa, kamar 'yan rakiyar ayari a zamanin fatauci. Yana cikin samfurin Knox, waɗanda Amurka ta ƙera wa kanta guda 46. Tsawonsa mita 134, wato in ka kwantar da shi a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sai ya wuce raga zuwa raga da kusan mita 30. Farfela ɗaya gare shi, injin tururi ke juya ta, gudunsa kamar kilomita 50 a awa, abin da ɗan adaidaita sahu zai raina a titin Zariya. Yana ɗauke da igwa guda a gaba, da helikwafta a baya, da mutane sama da 250.

Babban aikinsa kuwa farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet, da wata na'ura a hancinsa mai sauraren motsi a cikin teku. Duk lokacin da na zo nan a labarin sai na ɗan tsaya: mutumin da jirgin ƙarƙashin ruwa ya kashe, aka sa sunansa a kan mafaraucinsu. Ya yi shekara 18 yana kai da kawowa a Tekun Atlantika da Bahar Rum da wasu wurare, ba shi da wani babban yaƙi da za a ba da labari. A watan Oktoba na 1991, da yaƙin cacar baka ya zo ƙarshe, aka sallame shi. Daga baya aka sayar wa Turkiyya, wadda ke da ire-irensa, ta riƙa cire kayan gyara a jikinsa kamar yadda ake yi wa mota a Ƙofar Ruwa. A 2001 suka ja gangar jikin zuwa teku suka yi atisayen harbi a kanta har ta nutse. Amsar "ina yake" ke nan, Malam Kuku: yana ƙasan teku, kamar mai sunan.

Amma ka ce wa yaron akwai wani yana tafe. Ranar 20 ga Janairu 2020 aka sanar a Pearl Harbor cewa sabon jirgi mai dakon jiragen sama, lamba 81, zai amsa sunan USS Doris Miller. Irin waɗannan yawanci sunan shugabannin ƙasa suke ɗauka, su Lincoln da Reagan da Ford. Wannan ne karo na farko da aka sa wa irin wannan jirgi sunan baƙar fata, kuma karo na farko da aka ba ƙaramin soja wanda ba hafsa ba. Ana kan ƙera shi a Newport News ta jihar Virginia. A gaida mutanen madafa.

TAMBAYA: Baba Malam, wai Najeriya tana da irin jirgin yaƙin nan firiget? Kuma sunan wane gwarzo aka sa masa?
Daga wata ɗaliba a Jami'ar Bayero

AMSA: 'Yata, wasiƙarki ta kwana biyu a wurina, yau ta sami abokiyar tafiya. Muna da shi, kuma sunansa da Hausa ne: NNS Aradu. Kamfanin Blohm & Voss na birnin Hamburg a Jamus ya ƙera shi, ya fara aiki a 1982 zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsawonsa kamar mita 125. A 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Shekarun baya-bayan nan dai ya fi zama a bakin gaɓa yana jiran gyara.

Sunan gwarzo kuwa, a'a. Sojan ruwanmu sun fi son dabbobi: an sa wa jirage sunan Dorina, da Damisa, da Kyanwa, da Kada. Sau da yawa in jiragen iri ɗaya ne sai a ɗauki dabba guda a raba sunanta cikin harsunan ƙasar, wannan da Hausa, wancan da Yarabanci, ɗaya da Ibo. A ganina dabara ce ta kauce wa rigima, don ba wanda zai tashi ya ce me ya sa aka sa kyanwar su wane ba tamu ba.

Ba don ba mu da mazaje ba ne. A yaƙin nan da Miller ya mutu, dubban 'yan Arewa sun tafi Boma, wato ƙasar Myanmar ta yau, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, su ma da Japanawa suka gwabza. Abin da aka adana sunayen wuraren ne: barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan a Legas, da Kalapanzin a Kaduna, duk daga Boma aka kwaso su. Muna yara a Gwale akwai wani tsoho ɗan Boma da ke gadin wani sito. Lambobinsa na cikin gwangwanin madara ya naɗe su da tsumma, in ya ga dama ya buɗe mana mu taɓa, in bai ga dama ba ya kore mu da turancin soja. Har ya rasu Baba Soja muke ce masa.