Shakkar da ɗan zango yake tashi da ita

Malam, ka tambaya ko mu Hausawan Gana har yanzu muna ɗaukar kanmu cikakkun Hausawa. Cikin ladabi ka yi tambayar, amma na ji abin da ke ƙarƙashinta. Tambayar nan mun riga ka yi wa kanmu, tun muna yara.

Ɗan zango, wato ɗan unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi, a Kumasi ta ko'ina ana auna shi. A makarantar boko a ce masa baƙo, alhali kakan kakansa fataucin goro ya kawo shi ta Salaga, a ƙasar nan kuma aka binne shi. Ya je Kano ziyara, ya ce "matata ya zo", a kwashe da dariya. E, haka Hausarmu take, kuma da ita ake ciniki da wa'azi daga Akara har Tamale.

Akwai kuma tabon 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Ƙannen mahaifina sun hau mota zuwa Najeriyar da ba su taɓa gani ba. Mahaifina shi ya zauna, amma har ya rasu takardunsa na ƙarƙashin matashin kai. Mu da muka biyo baya mun gaji wannan ɗar-ɗar ɗin, sai dai mun kai shi ofis. Ƙanwata likita ce, duk da haka in aka ƙara mata girma sai ta ce kuskure aka yi, wata rana asirinta zai tonu. Ba ita kaɗai ba ce. Tun 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu a kan matan da suka yi fice a aikinsu amma suna ganin sa'a ce kawai ta kai su.

Ni dai ban ɗauki wannan shakka cuta ba, in har ba ta hana mutum neman abin da ya cancanta ba. Wanda bai taɓa barin inda aka san gidansu ba ba shi da dalilin jin ta. Tana kama mai shiga wurin da ubansa bai shiga ba ne. Ita ta sa ƙanwata take sake duba littafi kafin ta rubuta magani, ita ta sa iyayenmu suka riƙe makarantar allo gam, don kada a ce 'ya'yansu sun ɓace.

Batun aure kuwa, wanda na san can ka nufa: mahaifiyata Ba'asantiya ce, ta musulunta kafin a haife ni. Asante ta wajen uwa suke bin dangi, mu ta wajen uba. Ke nan can nasu ne ni, nan ma nasu ne. Ina rabin yake?

Abin da nake roƙo ɗaya ne. In yaranmu sun zo muku hutu, ku gyara musu Hausa, muna so. Amma a rage dariyar. Ɗana ya dawo daga wajen dangi yana amsa mini magana da Turanci, sai da na sha fama kafin bakinsa ya sake buɗewa.