Da'ira, Kewaye da Igiyar Akuya

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare. Yaya zan bayyana wa yara x² + y² = r² da Hausa?

Amsa: Kai su gindin turke. Akuyar da aka ɗaure, in ta ja igiya ta miƙe ta zagaya, sawun da ta bari a ƙasa shi ne da'ira. Turken ne cibiya, tsawon igiyar shi ne r. Duk inda ta tsaya, nisanta gabas da turke x ne, nisanta arewa y. A ce igiyar kamu 5 ce, akuyar ta yi gabas kamu 3, arewa kamu 4. To 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, ka haɗa 25, wato 5 sau 5. Ƙa'idar Fitagoras, masanin lissafin Girka na zamanin da, ke nan. Haka mai haƙar rijiya da mai ginin rumbu ke fitar da da'irarsu, da turke da igiya.

Amma don Allah ka tsare bakinka a gaban yaran. Yana damuna yadda ake cakuɗa da'ira da kewaye da fili. Da'ira siffar ce. Kewaye tsawon bakinta ne, 2πr, abin da za ka taka in ka zagaya (π shi ne adadin da ake samu in an raba kewaye da faɗin da'ira). Fili kuwa ciyawar da akuyar ke iya kaiwa gare ta, πr². Na ji wani a rediyo yana cewa "faɗin kewayen gonar" alhali fili yake nufi. Kewaye ba shi da faɗi, tsawo gare shi. Yaran za su yi dariya da ka ambaci kewaye, don a gida ban ɗaki suka sani. Bar su su gama, ka ci gaba, kalmar daidai take.

Tambaya: π shi ne 22/7?

Amsa: Kusa dai. π ya fara da 3.14159, ba ya ƙarewa. Arkimidis, shi ma masanin lissafin Girka na zamanin da, ya yi amfani da siffa mai gefe 96 ya nuna bai kai 22/7 ba.

Tambaya: Da'ira Hausa ce?

Amsa: Aro ce daga Larabci, ta daɗe da zama 'yar gida.

Tambaya: Me ya sa ake cewa "duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya"?

Amsa: Je dandali ka kalli gaɗa. A da'ira suke tsayawa, suna juyawa, wadda ke gabanka yanzu an jima tana bayanka.