Gwajin DNS daga nesa, da abin da mai otal ya yi mini

Sani, kana tambaya yadda za ka gane daga shago ko MikroTik ɗin kwastoma, wato na'urar da ke raba masa intanet, na iya nemo lambar IP (adireshin shafi a intanet) ta sunan shafi, aikin da ake kira DNS, ba sai ka taka ka je ba. Da wani ne sai in ce ya je ya karanta, amma ka fama mini tsohon miki.

Kunna API, ƙofar da ake ba na'urar umarni daga nesa, ba zan tsaya koya maka ba, ko yaron da ya zo jiya ya iya. Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, sai ku buɗe shafi a laftof ɗinku, ya buɗe, ku ce lafiya lau. Kana Kano, kwastoma na wani gari! Na'urarsa ce za ta yi tambayar da kanta. Ka shiga ta tashar 8729, ta API mai ɓoye bayanai, kada in kuskura in ga ka bar 8728, wadda ba ta ɓoyewa, a buɗe ga kowa. Ka fara share tsofaffin amsoshin da ta adana, don kada su yaudare ka. Sai ka sa ta yi :resolve google.com, umarnin nemo lambar shafin, ka maimaita da server=8.8.8.8, wato ta tambayi sabar DNS ta Google. In na biyu ya kawo lamba na farko ya ƙi, sabar DNS da aka saka mata ce matsalar.

Wani mai otal a Gusau ya taɓa tashina cikin dare, baƙi na ta masifa. Ping, gwajin ko saƙo na zuwa ya dawo, zuwa 8.8.8.8 na tafiya sumul, shafi ko ɗaya ba ya buɗewa. Ashe ɗan ƙanensa ne ya yi karambani, ya canza lambar DNS, ya kuma bar allow-remote-requests, wanda ke sa na'urar ta amsa wa wasu tambayar DNS, a kunne ba tare da toshe tashar 53, ta DNS, daga waje ba. Mutanen da ba su san ma inda Gusau take ba suna ta cinye masa intanet. Ban runtsa ba, kafin kiran asalatu na gyara duka. Da na tura lissafi, buɗar bakinsa sai ya ce, "Injiniya, ai ba ka zo ba, da kanta ta dawo." Kuɗin kati ya turo mini, wallahi. Kwangilar kula da na'urorin ta shekara, wadda muka riga muka yi magana, sai ya miƙa ta ga ɗan ƙanen nasa.

Shi ya sa kake ganin duk amsar gwaji ina ɗaukar hotonta da lokacinta, in tura wa kwastoma ta WhatsApp, rabin kuɗi ya shigo, sannan in taɓa komai. Ajiye wayar nan ka gwada a kan na'urar shago, ka kawo mini amsoshin biyu kafin azahar.